Yadda ake saita na'urar kashe wuta da kunna ta daga nesa, ta kafar siriyal da rubutaccen umarni

A Jidda nake zaune, amma rabin aikina a Makka yake: ƙananan ɗakunan na'urori na otal-otal ɗin alhazai a Aziziya da Misfala. Tsakanin biranen biyu kusan kilomita 80 ne. A ranar da hanya ba cunkoso tafiyar awa guda ce, amma da zarar lokacin Hajji ya kama, in ba ka da tasrihi, wato takardar izinin shiga Makka, a hannu, a Shumaisi za a juyo da kai. Kuma kamar da gangan, a daidai wannan lokacin ne na'urar da ke naɗar hoton kyamarori take daskarewa, ko rautar otal, na'urar da ke raba intanet, ta yi shiru, alhali maganinta bai wuce a zare filogi a mayar ba.

Na'urar da ke yi maka wannan zarewa da mayarwa daga nesa ita ake kira PDU. In ka gan ta za ka ce doguwar soket ce mai baki 8 ko 16 ko 24, sai dai a bayan kowane baki akwai rile, makunnin da ke yanke wuta ko mayar da ita in an ba shi umarni, akwai kuma ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke karɓar umarni. Zan bi da kai a kan ta kamfanin APC, irin AP7921B, domin ita na fi taɓawa kuma ita ta fi yawa a kasuwar kayan hannu. A ƙarshe zan taɓo na sauran kamfanoni.

Kayan da za ka tanada

Laftof, ko da tsohuwa ce. Wannan aikin ba ya cin ƙarfin kwamfuta.

Adafta mai USB a gefe guda da DB9 mai fil 9 a ɗaya gefen. Nemi mai ƙwayar FTDI a ciki. Masu arha da aka rubuta Prolific a jikinsu da yawa jabu ne, sabon Windows yakan ƙi musu direba, ka ɓata yini guda kana zargin PDU alhali adafta ce. A shagunan kwamfuta na titin Khalid bin Walid a Jidda ko na Ulaya a Riyad za ka samu.

Kebul ɗin siriyal na ita na'urar kanta. Na APC lambarsa 940-0144, gefe guda RJ-12 mai fil 6 kamar na wayar tebur, ɗaya gefen DB9. Shuɗin kebul ɗin Cisco da ke cikin jakar kowane mai aikin netwok ba zai yi maka ba, kansa RJ-45 ne kuma jeren wayoyinsa dabam.

Manhajar taminal, wadda ta cikinta za ka riƙa rubuta wa na'urar umarni: PuTTY ko Tera Term a Windows, `screen` ko `minicom` ko `picocom` a Linux. Sai kebul ɗin netwok guda, fitilar tebur ko cajar waya mai ɗan haske don gwaji, fil ɗin maƙale takarda, tef mai mannewa da alƙalamin da ba ya gogewa. Ka kuma karɓi adireshin IP da babu mai amfani da shi daga wanda ke riƙe da netwok ɗin wurin, tare da adireshin ƙofar fita.

In kebul ɗin asali ya ɓata, ana iya haɗawa da hannu, don wayoyi uku kacal ake buƙata: ta aikawa, ta karɓa, da ta ƙasa. A gefen DB9 na kwamfuta, fil 2 shi ke karɓa, fil 3 ke aikawa, fil 5 ƙasa. Gefen RJ-12 kuwa sai ka duba zanen samfurin da ke hannunka, kada ka yi kintace.

Gargaɗi guda kafin mu fara. In akwai tsohuwar UPS, wato batirin da ke riƙe wuta in an ɗauke, ta APC mai kafar DB9 a cikin rak ɗin da ake jera na'urori, kada ka kuskura ka soka mata kebul ɗin siriyal na gama-gari. Jeren filanta dabam ne, kana sokawa za ta iya mutuwa nan take da duk abin da ke kanta. Nata kebul ɗin na musamman ne, 940-0024C. An sha kashe ɗaki guda ta wannan hanya.

1. Karanta takardar jikin na'urar kafin ka ba ta wuta

Wutar Saudiyya 60 Hz ce, kuma tun shawarar majalisar ministoci ta 2010 ƙasar take komawa bolt 230. Amma tsofaffin gine-gine a Makka da Jidda har yau za ka tarar da 127 a wannan bango, 220 a wancan. Auna da mita. Sannan duba PDU ɗin: AP7921 ta bolt 230 ce, amfiya 16, soket 8 irin C13. AP7900 kuwa, wadda sunanta ya yi kama da ita, ta kasuwar Amurka ce, bolt 120. Mai shagon kayan hannu ba lallai ya san bambancin ba.

Amfiya 16 a bolt 230 wat 3,680 ke nan ga dukkan na'urar, kuma kowace soket ta C13 iyakarta amfiya 10. Ni ba na bari nauyi ya wuce kashi 80 cikin ɗari. Firinta mai leza, butar shayi, mukayyif mai sanyaya ɗaki, duk ba su da gurbi a nan, ko da mudir, manajan otal, ya roƙa.

Ba ta wuta alhali ba a jona mata komai ba. Duk saitin farko a kan tebur ake yinsa, da soket-soket fanko.

2. Jona adafta, ka gano sunan kafar

A Windows buɗe Device Manager, ka duba ƙarƙashin Ports, za ka ga abu kamar COM3 ko COM5. Lambar takan canza in ka sauya ramin USB, don haka duba ta kowane lokaci. A Linux rubuta `dmesg | grep tty` bayan ka soka adaftar, galibi za ka ga `ttyUSB0`. In aka hana ka buɗe ta, sa kanka cikin rukunin `dialout` da `sudo usermod -aG dialout $USER`, ka fita ka sake shiga.

3. Saita taminal

Ƙa'idar RS-232 tun 1960 take, ta girmi iyayen da yawa daga cikinmu. Babu wata gaisuwa tsakanin ɓangarorin biyu da za su daidaita kansu, dole kai ne za ka gaya wa kwamfutarka gudun da PDU take magana da shi. Na APC shi ne: gudu 9600, bit 8 na bayani, babu fariti, bit 1 na tsayawa, babu kula da kwarara, wato Flow control. A taƙaice ma'aikata kan rubuta 9600 8N1.

A PuTTY zaɓi Serial, rubuta COM ɗinka da 9600. Kada ka danna Open tukuna. Je can ƙasan jerin hagu, ka shiga Serial, ka mayar da Flow control zuwa None, domin PuTTY da XON/XOFF yake zuwa. A Linux `screen /dev/ttyUSB0 9600` ya isa, fita kuma da Ctrl-a sannan k. Mai son `minicom` ya sani cewa yana zuwa da Hardware Flow Control a kunne. In ba ka kashe shi ba, za ka ga na'ura tana rubutu amma duk abin da ka buga ba ya tafiya.

4. Danna Enter, ka shiga

Baƙin allo zai buɗe, babu komai a kansa. Ba lalacewa ba ce. Danna Enter sau biyu ko uku har `User Name :` ya fito. Sabuwar APC sunan shiga `apc` ne, kalmar sirri ma `apc`. In ta karɓa, za ka ga bayanin na'urar sannan `apc>` yana jiranka.

In ba ta fito ba, abin da ke kan allon shi zai gaya maka inda matsalar take. Tarkacen haruffa marasa ma'ana na nufin kebul lafiya, gudu ne bai dace ba: gwada 19200, 38400, 57600, 115200, wataƙila wanda ya riƙe ta kafin kai ya canza. Shiru ƙurum kuwa kebul ne ko adafta. Ga yadda ake rarrabewa: cire kebul ɗin PDU, ka haɗa fil 2 da fil 3 na adaftar da fil ɗin maƙale takarda, ka buga haruffa. In suna bayyana a allo, adafta da direba lafiya, sai ka koma kan kebul. In ba sa bayyana, ko COM ɗin da ka zaɓa ba shi ba ne, ko adaftar ta mutu. Wani lokaci kuma aikawa da karɓa ne suka yi karo, maganinsa ƙaramin adaftan da ake kira null modem, wanda ke musanya fil 2 da 3.

Abubuwa biyu da sababbi kan manta. Manhaja ɗaya ce kawai ke iya riƙe kafar siriyal a lokaci guda, don haka in ka bar wani taminal a buɗe a baya, na biyun zai ƙi. Sannan ƙananan allunan USB na masu harhaɗa Arduino, masu bolt 3.3 ko 5, ba RS-232 ba ne. Ita RS-232 tana kaiwa har bolt 15 sama da ƙasa, tana iya ƙona su.

In kalmar `apc` ta ƙi, na'urar ta hannu ce kuma an sauya mata sirri. Ka bar taminal a buɗe, ka danna ƙaramin maɓallin Reset da fil. Fitilar Status za ta fara walƙiya tsakanin ruwan lemo da kore, nan take ka sake dannawa. Danna Enter har wurin suna ya fito, ka shiga da `apc` da `apc` cikin daƙiƙa 30, in ka makara sai ka sake daga farko. Wannan maɓallin ƙwaƙwalwar kaɗai yake tayarwa, ba ya taɓa wutar soket-soket, don haka ana iya yi ko da kaya na kai. Ta siriyal kaɗai ake wannan, shi ya sa nake cewa wanda bai iya siriyal ba bai mallaki PDU ɗinsa ba tukuna.

Tsofaffin AP79 masu manhajar ciki ta 3 ba sa ba ka `apc>`, jerin zaɓi mai lambobi suke nunawa. In kana son layin umarni a kansu, rubuta kalmar sirri, ka bar fili, ka ƙara `-c`. Umarninsu gajeru ne: `on`, `off`, `reboot`, `status`.

5. Canza kalmar sirri yanzu, ba anjima ba

Sababbin na'urori da kansu suke tilasta maka a shigar farko. In taka ba ta yi ba, a manhajar ciki ta 6 ga yadda ake yi: `user -n apc -cp apc -pw` sai sabuwar kalmarka. Rubuta `about` ka ga wace manhaja ke ciki, `?` ya jero maka dukkan umarni, `help user` kuma ya nuna yadda ake rubuta shi a samfurinka, don akwai ɗan bambanci tsakanin ta 5 da ta 6.

Koyi karanta amsarta. `E000` an yi nasara. `E002` an karɓa amma sai an sake tayar da ƙwaƙwalwa. `E101` ba ta san umarnin ba. `E102` umarnin daidai ne, abin da ka rubuta a bayansa ne ba daidai ba. In ka yi minti 3 ba ka taɓa komai ba za ta fitar da kai, kada ka ɗauka kebul ne ya zame.

6. Ba ta adireshi tsayayye

`boot -b manual`

`tcpip -i 192.168.10.20 -s 255.255.255.0 -g 192.168.10.1`

`reboot`

Lambobin misali ne, sa naka: bayan `-i` adireshin PDU, bayan `-g` na ƙofar fita. Kada `reboot` ya tsorata ka: ƙwaƙwalwar netwok kaɗai yake tayarwa, soket-soket suna nan da wutarsu. Wanda ke taɓa wuta shi ne `olReboot`, za mu zo kansa. Bayan ta dawo, jona kebul ɗin netwok, fitilar Status ta tsaya kore ba walƙiya. Daga cikin na'urar rubuta `ping 192.168.10.1`, sannan daga laftof ka gwada iso gare ta.

Ba na barin PDU a kan DHCP, tsarin da rauta ke raba adireshi da kanta. Dalili: ranar da ka fi buƙatarta ita ce ranar da rautar da ke raba adireshi ta mutu.

Gyara agogonta ma. Saudiyya tana gaban GMT da awa 3 duk shekara, ba a matsar da agogo. `date` da `ntp` su ke wannan aikin. Ranar da mudir ya ce wa ya kashe sabar da ƙarfe biyun dare, `eventlog` ne zai wanke ka, kuma ba zai wanke ka ba in agogonsa na wata shekara ne.

7. Raɗa wa kowace soket suna

Wannan matakin ya fi kowanne sauƙi, kuma shi aka fi tsallakewa. `olName 1 Rauta`, `olName 2 Suwic`, `olName 3 NVR` (na'urar naɗar hoto), `olName 4 Sabar-A`, haka har ƙarshe, ba tare da fili a cikin suna ba. `olName all` zai jero maka su. Sannan ka ɗauki tef ka rubuta suna da lamba a kan kowace waya, a kai biyu: kusa da PDU da kusa da na'urar. Suna a allo ba shi da amfani in wani ya zo bayanka ya sauya filogi, shi ya sa nake ɗaure wayoyin, nake kuma liƙa takarda da Larabci da Hausa a ƙofar rak cewa kada a matsar da komai sai an kira ni.

Bari in ba ka labarin abin da ya koya mini. Wani dare a farkon Zulhajji, kyamarorin wani otal suka ɗauke. Ina gida a Jidda, na shiga, na tuna a raina cewa na'urar naɗar hoto tana soket ta 2, na rubuta `olOff 2`. Allon ya tsaya cik. Ashe suwic ne a ta 2, wanda ta cikinsa nake isa ga PDU ɗin. Na kulle ƙofa da mabuɗi a ciki. Intanet na baƙi, na'urar katin ɗakuna, komai ya tafi, ga motocin alhazai suna sauke mutane. Sai da na tashi mai gadi, wani dattijo Bahaushe haifaffen Misfala. Na ce, «Baba, don Allah ka yi haƙuri na tashe ka, ka shiga ɗakin na'urori ka kira ni da bidiyo.» Ya leƙa bayan rak ɗin ya daɗe, sannan ya ce, «Ɗana, a cikin wannan taliyar wacce zan kama?» Mun fi rabin awa yana bin waya da yatsa kafin ya zare filogin suwic ya soka a bango.

Ƙa'idoji biyu na ɗauka daga daren nan. Ta farko, kullum `olStatus all`, mai nuna suna da halin kowace soket, kafin kowane umarni, kuma da suna nake kira ba da lamba ba. Ta biyu, duk abin da hanyata ta bi ta cikinsa, rauta ko suwic ko modem, ba na taɓa yi masa `olOff` daga nesa. `olReboot` kaɗai, domin shi PDU ce da kanta take ƙirga daƙiƙoƙi ta mayar da wuta, ko da layinka ya yanke.

8. Gwada da fitila kafin ka jona kayan gaske

Soka fitilar gwaji a soket ta 8. `olOff 8`, ka ji ƙas ɗin rile, fitila ta mutu. `olOn 8`, ta dawo. `olReboot 8`, ta mutu ta dawo da kanta. Bi dukkansu ɗaya bayan ɗaya, musamman in na'urar ta hannu ce, don rile kan maƙale, allo ya ce Off alhali wuta na gudana. Ana iya haɗa soket da yawa a umarni guda, kamar `olReboot 3,5-7`. Kalmar `all` kuma tana aiki, ka yi taka-tsantsan da ita.

Tsawon lokacin da wuta ke ɗaukewa a `olReboot` daƙiƙa 5 ne tun daga kamfani, kuma wannan ya yi kaɗan ga yawancin kaya. Akwai ragowar caji a cikin akwatin wutar sabar, in ka mayar da sauri ƙwaƙwalwarta ba ta gama mutuwa ba, sai ta dawo da daskarewarta. Ina mayar da shi 20 ko 30: `olRbootTime 3 30`. Iyakarsa 60.

Yanzu jona kayan gaske, ka duba nauyi da `phReading all current`. Rubuta lambar a littafinka. Ranar da na'ura ta yi shiru, wannan lambar za ta gaya maka ko tana jan wuta ko ta mutu gaba ɗaya.

Abubuwa uku ke sa a kashe a kunna kuma na'ura ta ƙi tashi. Na ɗaya, BIOS, saitin da ake shiga tun kwamfuta tana kunnuwa. Kwamfuta ko sabar da aka ɗauke wa wuta ba lallai ta tashi da kanta ba in wuta ta dawo. Shiga BIOS ka nemi AC Power Recovery ko Restore on AC Power Loss, ka sa shi On. In ka manta, PDU za ta mayar da wuta, sabar kuwa tana jiran yatsan mutum. Na biyu, sabar mai akwatin wuta biyu: in ka kashe soket guda, ɗayar ta riƙe ta, ba abin da ya faru. Dole a umarni guda ka haɗa su, in kuma suna kan PDU biyu dabam, sai ka kashe nan, ka kashe can, sannan ka kunna. Na uku, ƙaramar UPS da wani ya ɓoye tsakanin PDU da na'urar. Tsarin daidai shi ne wutar bango ta shiga UPS, UPS ta ba PDU, PDU ta ba kaya.

Ka kuma riƙe cewa yanke wuta maganin ƙarshe ne. Sabar da ke riƙe da bayanan baƙi ko rumbun ajiya na NAS, in tana amsa SSH, hanyar shiga na'ura ta netwok a asirce, kashe ta da umarnin tsarinta tukuna. Yanke wuta tana tsakiyar rubutu kan lalata bayanai, kuma mai otal ba zai tambayi PDU ba, kai zai tambaya.

9. Jera su, kada su tashi tare

In wuta ta dawo bayan ɗaukewa kuma komai ya tashi lokaci guda, fizgar farko takan yi yawa har burika ta faɗi. Ban da haka, sabar takan riga rumbun ajiya tashi, ta neme shi ta rasa. `olOnDelay` ke gyara wannan. Nawa tsarin: modem da rauta nan take, suwic bayan daƙiƙa 15, rumbun ajiya 60, sabar 180, sauran daga baya. Misali `olOnDelay 4 180`. Akwai kuma `devStartDly`, jinkirin na'urar gaba ɗaya bayan wuta ta dawo. Inda janareta ke karɓa, ina sa daƙiƙa 30 zuwa 60 don wutar ta zauna tukuna. Abokan aikinmu da ke Sudan, inda ɗaukewar wuta ta fi yawa, sun fi mu buƙatar wannan.

Lura da kalmar `never` a waɗannan saituna. In ka sa ta, soket ba za ta kunnu da kanta ba har sai an ba ta umarni. In soket ɗin rauta ce, ka san sauran labarin.

10. Buɗe SSH, rufe Telnet, ka tanadi hanya ta biyu

Telnet, tsohuwar hanyar shiga ta netwok, a fili yake aika kalmar sirri. A manhajar ciki ta 6: `console -s enable -t disable`, sannan `reboot`. Daga laftof `ssh apc@192.168.10.20`, umarnin duk iri ɗaya ne da na siriyal. Tsofaffin na'urori sukan ƙi jituwa da sabon SSH, saboda OpenSSH ya daina karɓar tsohon musayar mabuɗi tun fitowa ta 7.0 a 2015, ya kuma rufe sa hannun `ssh-rsa` a ta 8.8 a 2021. Mafita ita ce sabunta manhajar PDU. In ba ta yiwu ba, ƙara `-oKexAlgorithms=+diffie-hellman-group1-sha1 -oHostKeyAlgorithms=+ssh-rsa` a kan wannan na'urar kaɗai.

Duba SNMP, wata hanyar sa ido da sarrafa na'ura ta netwok. Tsofaffi suna zuwa da kalmar `private` mai ikon rubutu, wato duk wanda ke cikin netwok zai iya kashe soket ba tare da ya san kalmar sirrinka ba. In ba ka amfani da shi, kashe shi. Kada PDU ta zauna a netwok ɗaya da Wi-Fi na baƙi, kada kuma ka buɗe mata kafa kai tsaye a rauta zuwa intanet. Ta VPN ake shigowa.

In ma'aikacin tarbar baƙi yana bukatar ya riƙa tayar da na'urar Wi-Fi da kansa, kada ka ba shi sirrin babba. Buɗe masa nasa asusun da `userAdd`, ka ba shi soket guda da `olAssignUsr`.

Saura tambayar da ta fi muhimmanci: in rautar ce ta daskare, ta ina za ka shiga ka tayar da ita? Sai da hanya ta biyu. Abin da nake yi: ƙaramar rauta mai layin waya na wani kamfani dabam da na babban layi, in babban na STC ne sai in sa Mobily ko Zain, da ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi a bayanta, adaftar USB a jikinsa, kebul ɗin siriyal a soke a PDU dindindin. Su biyun kai tsaye suke shan wuta daga UPS, ba ta soket mai rile ba. In komai ya mutu, ta layin waya nake shiga Pi, in rubuta `screen /dev/ttyUSB0 9600`, ga ni a `apc>` kamar ina tsaye a ɗakin. Mai kuɗi yana iya sayen na'urar Opengear da aka ƙera don wannan. Kebul ɗin siriyal kada ya wuce mita 15. Kuma ka sa ranar sabunta kuɗin layin a kalandarka, don layin da ya ƙare ba ya sanarwa sai ranar buƙata.

In na'urarka ba APC ba ce

Hanyar ɗaya ce, lafazi ne ya bambanta. Raritan PX2 ko PX3 da 115200 take magana, ba 9600 ba, kuma umarninta `show outlets` da `power outlets 3 cycle`. Sentry ta Server Technology 9600 ce, da `status`, `on`, `off`, `reboot`. WTI ma 9600, amma umarninta da karkatacciyar sanda yake farawa: `/S` don ganin hali, `/ON 3`, `/OFF 3`, `/BOOT 3`, `/X` don fita. A kowacce, `help` ko `?` ko `/H` shi ne abin fara bugawa.

In babu PDU kwata-kwata kuma sabar ce kaɗai damuwarka, duba bayanta. Ta Dell tana da kafar sarrafa ta daga nesa mai suna iDRAC, ta HP tana da iLO, kuma dukkansu suna jin umarnin IPMI: `ipmitool -I lanplus -H` adireshi `-U` suna `-P` sirri `chassis power cycle`. Wannan ba zai tayar maka da rauta ko kyamara ba, amma a kan sabar ya fi yanke filogi tsafta. Kyamara ko na'urar Wi-Fi da ke shan wuta ta kebul ɗin netwok kuma, kashe PoE na kafarta a suwic ka kunna, ya wadatar.

Kafin ka bar ɗakin, kwafo fayil ɗin `config.ini` daga PDU ta SCP ko FTP ka adana, a cikinsa sunayen soket da jinkiri da adireshi suke, in na'urar ta ƙone za ka ɗora shi a kan sabuwa. Sannan ka sauka ƙasa wurin tarbar baƙi, ka kashe Wi-Fi na laftof, ka shiga da datar wayarka kamar kana Jidda. Tayar da soket ɗin fitila, sannan ka tayar da ta rauta, ka jira ta dawo. Zare kebul ɗin babban layi ka gwada hanya ta biyu ita ma. In duka ukun sun yi, mayar da kebul, ka ɗaure kebul ɗin siriyal na ajiya a jikin rak da sunanka a kan tef, ka kulle ƙofa ka miƙa wa mai gadi mabuɗi.